Ba Rikazi Ba Ne, Kayan Mutane Ne

Assalamu alaikum ƙannena. Tun ranar Talata abin nan yake cin raina, gara in amayar da shi.

A bayan layinmu nan Agege ana rushe wani tsohon gida, kuma yaranmu ne leburorin, su biyar. Suna fasa daɓen ɗakin ƙurya sai diga ta daki wata 'yar tukunyar ƙarfe naɗe da leda. Ciki akwai awarwaro biyu da sarƙa na zinare, da ƙunshin tsofaffin Murtala da danshi ya manne su. Kafin la'asar sun raba. Da na tare babbansu a teburin mai shayi, ko kunya babu ya ce mini, "Baba, ai rikazi ne, za mu fitar da humusi." Inna lillahi! Ya tsinci kalma a bakin wa'azi, ya ɗauko ya lulluɓe haram da ita.

Rikazi gaskiya ne, yana cikin shari'a. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya ce a cikin rikazi akwai humusi, wato ɗaya bisa biyar. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya fayyace shi: abin da mutanen jahiliyya suka binne, aka same shi ba tare da kashe dukiya ko shan babbar wahala ba. Risalar da muka karanta a zaure ma binnen jahiliyya ta kira shi. Dukiya ce da masu ita suka shuɗe, babu magaji, babu mai cigiya. To takardar naira 20 mai hoton Murtala sai 1977 ta fito. Gidan yana da masu shi, jikokinsu ne ma suka ba ku aikin. Ina rikazi a nan?

Ko a bakin titi kuka same ta, sunanta tsintuwa, kuma hukuncinta daban. A hadisin Zaidu bin Khalid, Manzon Allah (SAW) ya ce a gane jakarta da maɗaurinta, a yi cigiya shekara guda. Shekara fa! Ku ko yini ba ku yi ba.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. Rumawa tun zamanin sarkinsu Hadiriyan, duk wanda ya ci karo da dukiya a filin wani, raba ta ake yi biyu tsakaninsa da mai fili. A Ingila ɗaruruwan shekaru zinaren da aka ɓoye aka rasa mai shi na sarki ne, kuma dokarsu ta 1996 ta ba mai tsintuwa kwana 14 ya kai rahoto. A nan gida, kawunan tagulla da masu haƙar harsashin gini suka tono a Ife a 1938 kayan tarihi ne na al'umma, irinsu ake ginawa gidan adana kaya kamar na unguwar Onikan a nan Legas. Ko'ina ka duba, "ni na gani" ba ta mayar da abu naka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kalmar nan "rabona ne". Fasinja ya manta waya a Keke, kafin ya waiwayo an zare layi, rabona ne. Mai gadi ya ga ambulan a ƙasan kujerar mota, rabona ne. Ɗan bola ya ga murfin kwalbati ko wayar wuta, wai ba ta da mai ita. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, gaskiya ne, amma wa ya ce rabonka yana aljihun wani? Tsintacciyar mage ba ta mage. Kuma na san inda kuɗin ke tafiya: shagon caca da kwalbar kodin. Yaro ya kwana yana latsa waya yana jiran ƙwallon Turai ta azurta shi, mahaifiyarsa a ƙauye tana jiran kuɗin taki. Garin banza a farau-farau ɗin banza yake ƙarewa.

Iyayenmu da suka zo Agege fataucin goro ba su zo da jarin da ya wuce amana ba. Bayerabe ya danƙa wa Bahaushe makullin gidansa ya yi tafiyar wata uku, hankalinsa kwance. Na taso ina jin ladan yana cigiyar kuɗi bayan sallar Juma'a, ana ajiye su wurin liman har mai su ya zo ya faɗi adadi da launin ƙyallen. Yaushe rabonku da jin wannan cigiyar? Yanzu wake ɗaya ya ɓata gari, a ga ɗan Arewa da buhu a kafaɗa a fara rufe ƙofa. Ku ji tsoron Allah, ku gyara, don Allah.

Jiya Alhamis wata dattijuwa ta zo, ta zauna kan ɓaraguzan tana nuna daidai inda gadon mahaifiyarta yake, tana tambaya da Yarbanci ko an ga wata tukunya. Babban nasu yana jin Yarbanci sarai. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da loda bulo a baro. Na faɗa masa jiya da dare, idan ba su mayar ba kafin a sauko Juma'a yau, da ƙafata zan je wurin mai unguwa.