Ku gwada sikelinku kafin ku yi ciniki da shi

Shekara biyu ke nan ina ƙulla dakakken yaji da garin kunun gyaɗa a leda, ana kai min su Kano daga ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Da gwangwanin madara nake awo, yadda na taso na ga Inna tana yi. Da masu saye na birni suka ce su giram suke so, sai na aiki ƙanena kasuwar Sabon Gari ya sayo min ɗan farin sikelin nan mai batir biyu, SF-400, wanda aka rubuta yana ɗaukar kilo 10.

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abu ne mai nuna lamba, ina zai yi ƙarya?

Rannan wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kayana ta kira ni. Ta ce, "Maman yara, ba zargin ki nake ba, amma ledar da kika rubuta 250 na auna a nawa, 232 na gani." Wallahi a daren ban runtsa ba. Tauye mudu ba ƙaramin zunubi ba ne, kuma ga shi na yi ta yi ban sani ba.

Da gari ya waye na zauna da sikelin. A kan tabarma nake ɗora shi, a tsakar gida, ƙasa ba daidai ba, rana na dukan sa, batir kuma tun wanda ya zo da shi ne. Leda ɗaya na ɗora sau uku, na samu lamba uku. Na matsar da ita gefen faranti, lambar ta sake canzawa.

A cikin sikelin akwai wani ɗan sandan alminiyam da ke lanƙwasawa kaɗan idan an ɗora kaya, da wata siririyar waya manne a jikinsa da ke jin lanƙwasawar, ita ake mayarwa lamba. Shi ya sa zafi ke taɓa shi, raunin batir ke taɓa shi, idan kuma yaro ya danne shi da gwiwa ko aka kifa masa turmi, ƙarfen na iya tanƙwarewa ya ƙi komawa yadda yake.

Ban ce a jefar da shi ba. Ya fi gwangwani nesa ba kusa ba, don gwangwani ya danganta da hannun mai awo, wata ta cika shi da tozo, wata ta shafe. Abin da nake ƙi shi ne mu miƙa masa amanarmu ba tare da gwaji ba, alhali gwajin ba ya cin wani kuɗin kirki. Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce. Ki samo sirinji mai mililita 20 a kemis, ki ɗora kofi a kan sikelin, ki danna maɓallin da aka rubuta TARE ya koma sifili, ki zuba ruwa sau biyar. Ya kamata ki ga 100. Ki ƙara biyar, ki ga 200. A kan daɓen siminti ko tebur za ki yi, a inuwa, inda babu iska. Idan kullum ratar iri ɗaya ce, kin san gyaranki. Idan kuwa yau ya ce kaza gobe ya ce kaza ko da sabon batir, kada ki ƙara sayar da komai da shi.

Masu kek da fanke, ku kula da ƙananan awo. Yis ko gishiri na giram biyu ko uku, idan kina barbaɗawa a hankali, sikelin kan tsaya a sifili kamar ba a zuba komai ba. A nan cokali ya fi shi.

Na sauya batir, na samo allon katako na ajiye a ɗaki domin awo kaɗai. Hajiya kuwa na ƙulla mata cikon yajinta, na haɗa da leda guda, na ba direban da ke kai min kaya. Sauran waɗanda suka saya a watannin nan ina nan ina bin lambobin wayarsu, saura mutum huɗu.