Zamiyar gwiwa a Ƙofar Mata

Wasan tsofaffin unguwa ne. Baffa ya samo mana awa ɗaya a filin Sani Abacha, ƙarfe biyu na rana, lokacin da ko kare ba ya fita. Kun san nawa ya karɓa a hannun kowa, mu bar wannan.

Ni filin nan tun yana sabo nake shigarsa. Na kalli gasar matasa ta duniya a 1999, na kalli Tunisiya ta kori Masar da ci ɗaya a Kofin Afirka na 2000, duk a kan ciyawa ta gaske. Da za a yi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009 ne aka shimfiɗa ta roba, to ita ce ban taɓa takawa ba sai ranar. Daga kan benci lumui take. A kusa kuwa kafet ce mai zaren roba, an cusa mata yashi a ƙasa, a sama an barbaɗa baƙin garin tsohuwar taya. Baƙin nan ke zuƙe rana, har ka ji zafi ta cikin but. Shi ya sa ake yayyafa mata ruwa kafin wasa. In ta jiƙe santsi take, in ta bushe cafke fata take.

Mu wa zai jiƙa wa fili?

Ana dab da tashi Ɗanliti ya bugo kwana, ƙwallo ta daki ƙaurina ta shige raga. Ci dai ci ne. Na kwasa a guje zuwa kusurwa, na ware hannaye, na saki gwiwoyi don in yi zamiyar nan ta 'yan Firimiya. Jama'a, gwiwoyin suka tsaya cak a inda na ajiye su, kamar an taka birki. Sauran jikin ba a sanar da shi ba, ya ci gaba da tafiya. Tumbi ya fara sauka, haɓa ta biyo, hannayen nan har yanzu a ware. Na ji fyat ta baya, wando ya rabu gida biyu. Na ɗago da baki cike da garin taya, ina tofarwa ina neman wanda zai rungume ni, duk suna can tsakiyar fili sun durƙushe.

Su ban damu da su ba. Mai raken nan ne. Yadda aka yi ya shigo da baro har bakin layi, Allah masani. Bai yi dariya ba, da ya yi ma da sauƙi. Sai da ya gama feraye gaɓar da ke hannunsa, ya dube ni ya ce, "Sannu Alhaji, ai da ka bari an kira salla tukuna." Mutumin da nake sayen rakensa a bakin asibiti, ban taɓa karɓar canji ba! Jiya na wuce shi ya ce, "Alhaji, ya gwiwa?" Na sayi lemo a gabansa.

Ciwon kuwa ba yanka ba ne, ƙuna ce, fatar sama ce ke saɓulewa. Sai an wanke da ruwa da sabulu an tsince garin ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ya ruru. Maman yara ta tsince, tana yi tana tambayar wa ya ci.

Wai alƙali ya ce satar gida ce. A bugun kwana! Baffa ya ce a sake kawo kuɗi Asabar mai zuwa, wannan karon da safe.