Tayil mai sheƙi a ɗakin Hajiya

Shekara uku ke nan da na turo kuɗi daga Manchesta aka sa wa Hajiya tayil a ɗakinta a Unguwar Rogo, Jos. Ni na zaɓa da kaina ta WhatsApp: fari tas, mai santimita sittin-sittin, yana ƙyalli kamar madubi, irin na gidajen Maitama. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai na 'yan gayu ne." Na ɗauka yabo ne.

Da na zo hutun Disamba sai na tarar an rufe shi ruf da darduma, ko kusurwa ba a gani. Abin da na manta, Jos ba Abuja ba ce. Gari ne a kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma da asuba a hunturu in ka taka tayil ba takalmi, sanyin har gwiwa yake hawa. Ga Hajiya da ciwon ƙafa. Ga santsi in ta shigo da jiƙaƙƙen silifa daga alwala. Ashe sau ɗaya ya taɓa ɗibar ta, Allah ya taƙaita ta dafe bakin gado. Ba ta gaya mini ba, wai kada in ji na yi asarar kuɗi.

A nan Ingila, inda sanyi ya zama abokin zama, da wuya ka ga tayil a ɗakin kwana. Kafet ne ko katako. Tayil na kicin ne da banɗaki, kuma na ƙasa galibi mai ɗan kaushi ne. Ba wai kafet ɗin ya burge ni ba; ƙura yake ɓoyewa, da a ƙurar hunturunmu ne ya zama masifa. Tayil kuwa tsumma da bokiti sun ishe shi. Nan mun fi su.

Inda suka fi mu shi ne abin da ke ƙarƙashi. Na tsaya na kalli wanda ya gyara banɗakin gidan da nake haya. Sai da ya daidaita daɓen, ya shafa gam da cokali mai haƙora, ya sa 'yan robobi tsakanin tayil da tayil don su sami wurin motsi. Wanda ya sa namu na gida siminti da yashi kawai ya kwaɓa, ya manne su kan juna ba tazara. Irin tayil ɗin nan mai tauri ba ya shan ruwa, don haka siminti zalla ba ya kama shi da kyau. Na ɗage dardumar na bi ɗakin ina ƙwanƙwasawa da makulli: wajen goma suna amsawa kamar ƙwarya, biyu sun riga sun tsage a bakin ƙofa.

Muka nufi kasuwar kayan gini ta Building Materials neman irinsa. Babu. Wanda ya yi kama da shi ma farinsa daban, don kowane zubi na kamfani da ɗan bambancin launinsa. Kwali ɗaya rak da mun ajiye tun farko ya raba mu da wannan yawo. Mai gidan hayata nasa ragowar na nan ƙarƙashin bene, har da lambar zubin a jiki.

Na ce wa Hajiya a ɓamɓare duka a sa mai kaushi. Ta kalle ni ta ce, "A'a, ɗan nan. Wa zai sha ƙurar? Ka dai ƙaro mini darduma mai kauri."