Neman asali a cikin yawu: abin da Amurkawa suke tonowa

A shekarar 2013 an gayyaci wani Ba'amurke mai suna Craig Cobb zuwa wani shirin talabijin. Mutumin ya yi ƙaurin suna wajen ƙin baƙar fata, har ya riƙa sayen filaye a wani ɗan ƙauye da ake kira Leith a jihar Dakota ta Arewa, da nufin mayar da shi garin farar fata zalla. Ya amince a gwada ƙwayoyin halittarsa. Mai gabatar da shirin, Trisha Goddard, wadda baƙar fata ce, ta buɗe takarda a gaban jama'a ta karanta masa: kashi 86 cikin 100 na jininsa daga Turai yake, kashi 14 kuma daga Afirka ta kudu da Sahara. Mutane suka kece da dariya, shi kuwa ya ce kuskuren lissafi ne. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Ni ma na yi dariyar. Sai dai Cobb ya taɓa gaskiya ta gefe guda ba da saninsa ba. Gwajin asali da ake sayar wa Amurkawa yana da rauni ƙwarai, amma rauninsa ba a wurin da Cobb ya nuna yake ba. Ya iya gane jinin Afirka daga na Turai, ya iya gane wa ya haifi wa. Inda yake lalube shi ne wurin da mutane suka fi biyan kuɗi don su ji, wato sunan ƙasa da sunan ƙabila.

Cinikin ba wuya. An kafa kamfanin gwaji na 23andMe a 2006, gwajin AncestryDNA na kamfanin Ancestry kuma ya fito a 2012. Ka biya wajen dala ɗari, a aiko maka da 'yar kwalba, ka tofa yawu, ka mayar ta gidan waya. Bayan 'yan makonni taswira mai launi-launi za ta bayyana a wayarka: kaza daga Ingila, kaza daga Jamus, kaza daga Najeriya. 23andMe kaɗai ya tara mutum kusan miliyan 15, Ancestry kuwa ya haura miliyan 20.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne yadda ake samo waɗannan alƙaluma. Injin ba ya ganin kakan kowa. Yana duba gurabe dubu ɗari shida zuwa bakwai ne a cikin haruffa biliyan 3 na ƙwayoyin halittar mutum, ya kwatanta su da na wasu rayayyun mutane da kamfanin ya tara, waɗanda suka ce kakanninsu duk a wuri ɗaya aka haife su. Idan aka ce maka kashi 30 Najeriya, ana nufin wani ɓangare naka ya fi kama da na 'yan Najeriyar da ke cikin kundin kamfanin. Ranar da kundin ya ƙaru, asalinka ma sai ya motsa. Haka ta faru a 2018 da Ancestry ya sabunta lissafinsa, mutane suka kwana da asali ɗaya suka tashi da wani. A 2019 gidan talabijin na CBC a Kanada ya nuna yadda ya aika yawun wasu tagwaye mata masu kama ɗaya zuwa kamfanoni biyar. Kamfanonin ba su dace da juna ba, wasu ma sun ba Hassana lissafi daban, Usaina daban.

Ita kanta kalmar Najeriya a kan wannan taswira abin mamaki ce. Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808, jirgi na ƙarshe da aka sani ya kai su ta ɓarauniyar hanya, Clotilda, a 1860 ya isa Alabama. Gwamna Lugga kuwa sai 1914 ya haɗe Arewa da Kudu. Ba bawa ko ɗaya da, a ranar da aka sauke shi a Amurka, ya taɓa jin sunan ƙasar da ake ce wa jikokinsa yanzu ita ce tushensu.

Akwai kamfanin da ya wuce nan. African Ancestry, wanda Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a 2003, takardar shaida yake bayarwa mai ɗauke da sunan ƙabila: Mende na Saliyo, Tikar na Kamaru, Fulani, Hausa. Yana bin layi ɗaya ne tak, uwa da uwar uwa da uwar uwar uwa, ko kuma uba da uban uba. To, in ka ƙirga baya zuwa kakanni na goma, mutum 1,024 za ka tarar, takardar kuwa labarin guda ɗaya take ba ka. Shi ma ɗayan, alamar da ya bari sau da yawa ana samunta a ƙabilu da dama daga Sanagal har Kamaru.

A nan ne abin ya zo ƙofar gidanmu. Idan aka ce wa wata mata a Atlanta ita Bahaushiya ce, wane Bahaushe aka kwatanta ta da shi? Shiga cikin birnin Kano ka karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa, Alfindiki. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji. Agalawa da Tokarawa da suka yi fice a fataucin goro, tushensu na wajen Buzaye ne. Yau jikokin waɗannan duka Hausawa ne, ba mai tambayarsu takarda. Harshe da addini da auratayya da daɗewar zama su suka gina Bahaushe, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke fita a yawu.

Duk da haka ba zan yi wa matar Atlanta ba'a ba. Mu da maroƙi ke iya tsayawa a biki ya jero wa mutum iyaye da kakanni har ya ji kansa ya kumbura, da wuya mu san zafin rashin wannan. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da aka rubuta mafi yawan baƙaƙen Amurka da sunayensu. A ta 1850 da ta 1860, bawa ba shi da suna a takarda, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangijinsa. Mai neman salsalarsa yakan yi ta tafiya baya har ya ci karo da wannan bango ya tsaya. Shahararriyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey ta daɗe tana cewa ita Zulu ce, sai gwajin da aka yi mata a shirin Farfesa Henry Louis Gates a 2006 ya nuna Kpelle na Laberiya. Ɗan wasa Isaiah Washington ya bi nasa sakamakon har Saliyo, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2010. Ghana ta yi Shekarar Dawowa a 2019, inda ta gayyaci jikokin bayi su zo ganin gida, mutane suka yi ta tururuwa. Da babu gara ba daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mai ƙishirwa ƙiyasi a ce masa tabbas ne.

Sai ɓangaren da gwajin ba ya wasa. Wani bincike da aka buga a 2015 daga bayanan abokan cinikin 23andMe ya nuna cewa a matsakaici, baƙar fatar Amurka kashi 73 na jininsa ne daga Afirka, kashi 24 daga Turai, na 'yan asalin nahiyar Amurka kuwa, wato waɗanda Turawa suka tarar a can, bai kai kashi 1 ba. Wannan na ƙarshe ya rushe labarin da ake ji a gidaje da yawa, na wata kaka 'yar ƙabilar Cherokee da aka ce daga gare ta aka gaji hasken fata da laushin gashi. An fi samun sauƙin faɗin haka a kan faɗin gaskiya: mafi yawan jinin Turan nan ta wajen maza ya shigo, zamanin da mace baiwa ba ta da bakin cewa a'a. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, don haka mai gona zai haifi ɗa da baiwarsa ya kuma lissafa shi cikin dukiya. A ƙasar Hausa ma an yi bauta, ba abin yabo ba ce, amma ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana ma iya hawa gadon sarauta. Can kuwa ko shugaban ƙasa na uku, Thomas Jefferson, sai a 1998 gwajin ƙwayoyin halitta ya haɗa zuriyar baiwarsa Sally Hemings da jinin gidansa, bayan kusan shekara 200 ana ƙaryata zancen.

Jinin ya gangara ɗaya gefen ma. Binciken na 2015 ya gano cewa a Louisiana da Carolina ta Kudu, kusan kashi 12 na masu kiran kansu farar fata suna ɗauke da aƙalla kashi 1 na jinin Afirka. Jikokin mutanen da hasken fatarsu ya ba su damar sulalewa su shige cikin Turawa su yi shiru ke nan. Suna da dalili. Dokar Virginia ta 1924 ta ce farar fata shi ne wanda ba ɗigon jinin Afirka a jikinsa, kuma aure tsakanin fari da baƙi laifi ne a jihohi 16 har sai da Kotun Ƙoli ta soke shi a 1967. Sai a ƙidayar 2000 aka yarda Ba'amurke ya zaɓi launin fata fiye da ɗaya. A 2010 mutum miliyan 9 suka yi haka, a 2020 suka kai miliyan 33.8. Ba haihuwa kaɗai ta kawo wannan ba, an sauya yadda ake tambayar da yadda ake lissafa amsar, kuma ni ina ganin taswirorin wayar nan ma sun sa hannu.

Amma samun jini daban, zama ɗan gida daban. A 2018 Sanata Elizabeth Warren, wadda ta daɗe tana cewa tana da jinin Cherokee, ta fitar da sakamakon gwaji da ya nuna tana da kaka ɗan asalin nahiyar Amurka, can tsakanin kakanni na shida zuwa na goma. Hukumar al'ummar Cherokee ta fito ta ce gwajin jini ba ya mayar da kowa nasu. Su abin da suke dubawa shi ne sunan kakanka a rajistar Dawes, jerin sunayen 'yan ƙabilar da gwamnatin Amurka ta rubuta fiye da shekara ɗari da suka wuce. A 2019 Warren ta ba su haƙuri. Da Bahaushe ta tambaya tun farko, da ya gaya mata zumunta a ƙafa take.

Akwai kuma abin da ba a saya ba amma yake zuwa cikin kwalin. Shafin yana jero maka duk wanda kuka haɗa jini cikin abokan cinikin kamfanin, kuma wajen dangi na kusa da wuya ya yi kuskure. Mutane sun shiga neman kashi nawa ne nasu na Italiya, suka fito da labarin cewa wanda ya rene su ba shi ya haife su ba. Wanda ya ce a bar kaza cikin gashinta ba shi da iko, tunda ɗan baffansa na iya tofa nasa yawun. Da irin wannan 'yan sandan California suka kama Joseph DeAngelo a 2018, tsohon ɗan sanda da ya yi kashe-kashe shekaru da dama baya. Shi bai taɓa aika yawu ko'ina ba, danginsa na nesa ne suka sa bayanansu a shafin neman dangi na GEDmatch.

A 2023 ɓarayin intanet suka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9 daga 23andMe. A watan Maris na 2025 kamfanin ya bayyana karyewa, babban lauyan jihar California ya shawarci mutane su goge bayanansu, daga baya aka sayar da kamfanin da kundinsa a kan dala miliyan 305. Kayan farko da ɓarayin na 2023 suka baje a kasuwa kuwa jerin sunaye ne da suka ware bisa asali, ɗaya na masu jinin Yahudawan Ashkenazi, ɗaya na masu jinin Sin.