Jarumin Da Muka San Fuskarsa Ba Mu San Sunansa Ba

Akwai 'yan wasan da kowa ya san fuskarsu amma ba wanda zai iya faɗin sunansu. Yau shi ne alƙali, gobe surukin da ba a so, jibi likitan da zai shigo ya faɗi mummunan labari ya fita. Ni dai a ganina waɗannan su ne ƙashin bayan fim, kuma su ne muka fi rainawa.

Ku dubi abin da ya sami Geoffrey Owens. Mutumin nan ya yi shekaru yana fitowa a matsayin Elvin, mijin babbar 'yar gidan, a shirin The Cosby Show na Amurka, har aka rufe shirin a 1992. Ya yi karatu a jami'ar Yale, mahaifinsa kuma ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin Amurka. A 2018 wata mata ta gan shi a wani kanti a jihar New Jersey, sanye da rigar ma'aikata da sunansa maƙale a ƙirji, yana zuba wa masu sayayya kayansu a jaka. Sai ta ɗauke shi hoto, jaridu suka baza kamar an kama shi yana sata. Me ya yi? Neman halak ɗinsa yake yi don ciyar da iyali, a lokacin da aikin wasa ya yi ƙaranci, ga kuɗin da yake samu idan an maimaita tsohon shirin ya ragu bayan tashoshi sun janye shi saboda zargin da ya dabaibaye babban tauraron shirin, Bill Cosby. Laifin wani ya shafe shi, sannan aka zo ana yi masa dariya.

Mu 'yan kallo muna ɗauka duk wanda ya taɓa fitowa a talabijin ya gama da talauci. Ba haka ba ne. Lokacin yajin aikin 'yan wasan Amurka na 2023, wanda ya ɗauki kwana 118, ƙungiyarsu ta bayyana cewa mafi yawan mambobinta ba sa samun dala dubu 26 a shekara, wato kusan mafi ƙarancin abin da ake buƙata a lokacin kafin mutum ya shiga inshorar lafiyar ƙungiyar. Ɗan wasan ƙananan matsayi yakan yi aikin kwana biyu, ya zauna wata da watanni yana jiran a kira shi, haya da kuɗin makarantar yara kuwa ba sa jira.

Abin da ya burge ni shi ne bai ɓuya ba. Ya fito ya yi magana kai a ɗage. Mai shirya finafinai Tyler Perry ya ba shi aiki a wani shirinsa, kuɗin da mawaƙiya Nicki Minaj ta ba shi kyauta kuwa, dala dubu 25, ya miƙa su ga asusun taimakon 'yan wasa mabuƙata. Amma aikin kantin sai da ya bari, domin mutane sun hana shi sakat.