Takarda ta riga liman

Ko awa ɗaya ban yi da sauka ba, ungozoma ta tsaya a kaina da alƙalami tana tambayar sunan yaro, wai za ta rubuta a ɗan zoben robar da suke ɗaura wa jarirai a hannu. Na ce bai da suna tukuna. Ta yi murmushin nan nasu, ta ce mu dai tuna, a Faransa kwana 5 doka ta bayar a kai suna ofishin magajin gari. Biyar, jama'a! Rago bai faɗi ba, ba a raba goro ba, amma takarda ta riga Inna jin sunan jikanta.

Gaskiya ɗaya ce, asibitinsu a nan Liyon ba laifi. Ɗakina ni kaɗai, gado mai tashi da kwanciya in ka danna maɓalli, jariri a gefena cikin ɗan kwandon roba garai-garai mai taya. Akwai allurar baya da ke kashe zafin naƙuda, na karɓa kuma ban ji kunya ba. Daga wata na 6 na ciki inshorar gwamnati ke biyan komai, baban yaro ma hutun kwana 28 aka ba shi. Sai aka kawo abinci: guntun burodi, ɗanyen ganye da kindirmo mai sanyi. Mai jego fa! Kwana 3 suka sallame ni.

Gida shiru, hawa na huɗu. Maƙwabciya ta tsaya a matakala ta ce yaro kyakkyawa ne, ta wuce. Barkar ke nan.

Na sani, likitoci na cewa yawan kanwa da ruwa mai tsananin zafi na taɓa zuciya, kada a zo a karanta mini. Amma duk wahalar ruwan Damagaram, yayata ba ta taɓa fashin wanka ba har ta yi arba'in. Ko ga-ruwa ya yi tsada, Inna sai ta hura wuta da asuba. Ni ga ruwan zafi a famfo dare da rana, ba mai riƙe mini ganye.

Masu ce mini “ke kam kin huta”, ranar suna a unguwar Birni, can Damagaram, aka yanka ragon. Ina zaune da yaro a cinya ina kallon zaurenmu ta waya. Liman na gyara murya, layi ya yanke.