Kama da Wane Ba Ta Wane: Jaruman Littattafan Zane a Kan Teburin Wasa

Yawancinmu a fim muka fara sanin Spider-Man da Hulk da Black Panther. A Amurka da Turai kuwa akwai jama'a masu yawa da suka taso da littattafan zanen da aka ciro waɗannan jarumai daga cikinsu, kuma wasu daga cikinsu ba su tsaya ga karatu ba. Suna sayen 'yan ƙananan mutum-mutumin roba, waɗanda tsawon yawancinsu bai kai ɗan yatsa ba, su jera su a kan teburi, su haɗa su faɗa bisa dokoki, da dayis irin na ludo da katunan da ke bayyana abin da kowane jarumi zai iya. Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu ita ce: shin wannan ɗan roba da ke tsaye a kan teburi shi ne jarumin da ke cikin littafi, ko kayansa kawai ya ara?

Ni a ganina masu wannan muhawara sun fi ɓata lokaci a kan abubuwa biyu da ba su ne ƙashin bayan maganar ba, wato kamanni da yawan ƙarfi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko dokokin wasan suna sa mai riƙe da jarumin ya yi abin da jarumin zai yi. Idan aka auna da wannan mudu, wasu jaruman sun fito tsaf, wasu kuma an bar rabinsu a cikin littafi.

Wasan da ya fi daɗewa a wannan fage shi ne HeroClix, wanda kamfanin WizKids ya fitar a 2002, ya fara da jaruman kamfanin littattafan zane na Marvel, sannan na kamfanin DC suka biyo baya a cikin shekarar. Dabararsa tana ƙarƙashin ƙafar mutum-mutumin. Kowanne yana tsaye a kan wani ɗan faifai mai juyawa, da wata 'yar taga da ke nuna lambobi huɗu: gudu, kai hari, kariya, da yawan illar da bugunsa ke yi. Duk lokacin da aka ji wa jarumi rauni sai a murɗa faifan, ya yi ƙas, sababbin lambobi su bayyana. Launin da ke bayan kowace lamba yana nuna wata baiwa ta musamman. A haka ake ta murɗawa har taga ta nuna cewa jarumin ya faɗi.

Ga yawancin jarumai, lambobin raguwa suke yi da kowace murɗawa, kamar yadda hankali zai ɗauka. Amma masu tsara wasan sun juya lissafin ga Hulk da dama da suka fitar: yana farawa da lambobi marasa tsoratarwa, kana dukansa suna hawa. Duk wanda ya karanta labarin Hulk tun fitowarsa a 1962 daga hannun Stan Lee da Jack Kirby ya san cewa iyakar fushinsa iyakar ƙarfinsa. Abin da ya burge ni a nan ba lambobin ba ne, yadda suke sauya tunanin mutane biyun da ke zaune a teburin ne. Mai riƙe da Hulk yana tura shi tsakiyar abokan gaba da gangan, yana neman a taɓa shi. Abokin karawarsa kuma yana riƙe da dayis yana shakka: in buge shi kaɗan in tayar da bala'i, ko in kauce masa har sai na tara waɗanda za su gama da shi a bugu ɗaya? Wannan shakkar ita ce ta sojojin da ke farautar Hulk a cikin littafi. Ba a rubuta ta a kati ba, dokar ce ta haife ta.

Wasan Marvel: Crisis Protocol, wanda Atomic Mass Games ya fitar a 2019, ya bi wata hanya ya isa wuri ɗaya. A can kusan kowane jarumi katinsa fuska biyu ne, ta lafiya da ta rauni, ana juya shi idan ya sha wuya. Hulk na farko da suka yi ba shi da fuskar rauni. An ba shi jini mai yawa, kuma raunin da ya taru a jikinsa yana ƙara masa dayis idan zai kai hari. A wannan wasan kuma na ga abin da na ɗauka shi ne mafi kyawun fassarar hali zuwa doka. Captain America yana da ikon shiga tsakani idan aka auna wani abokinsa da ke kusa, ya karɓi bugun a madadinsa. Mai wasa da shi ba ya aika shi can gefe ya yi faɗa shi kaɗai. Yana ajiye shi kusa da raunana, yana lura da wanda za a kai wa hari. Mutumin da bai taɓa buɗe littafin Captain America ba, idan ya yi wasa da shi sau biyu, zai fahimci wane irin mutum ne.

Haka Batman a HeroClix. Ba ya tashi sama, ba ya ɗaga mota. Abin da aka saba ba shi shi ne ɓuya, da wata baiwa mai baƙin launi da ke ba shi damar kashe wa abokin gaba baiwa guda na ɗan lokaci. Sai ya laɓe, ya cire wa ƙato sulkensa, wani ya zo ya buge. Wolverine kuma ana ajiye masa warkewa a ƙarshen faifai, daidai lokacin da kowa ya ɗauka ya gama.

To, sai maganar ƙarfi, wadda ita ce ta fi tayar da jijiyoyin wuya. A Crisis Protocol kowane jarumi yana da farashi, kuma kowane ɓangare yana haɗa tawagarsa ne a cikin adadi ɗaya da na abokin karawarsa. Black Widow ta akwatin farko na wasan farashinta 2 ne, Black Panther 4, Hulk 6. Wato Hulk ya ninka Black Widow sau uku kacal, alhali a littafi mace ce mai horo da bindiga, shi kuwa yana rusa gari. A HeroClix, inda aka saba wasa da maki 300 kowane ɓangare, idan dayis biyu suka ba da shida-shida bugu ya samu ko da wa aka auna, idan kuma suka ba da ɗaya-ɗaya mai harin ne zai ji ciwo, ko da Superman ne. Masu son littafi suna cewa wannan cin mutuncin jarumai ne.

Ban yarda da su ba a nan, ko da yake na fahimci ɓacin ransu. Marubucin littafi ya san wanda zai yi nasara tun kafin ya ɗauki alƙalami. Mai tsara wasa ba shi da wannan gata, domin mutum biyu ne suka kashe kuɗinsu suka zauna, kuma dole kowannensu ya ga hanyar cin nasara. A dara babu wannan matsala tunda duk 'ya'yan daidai suke, amma a nan ana so a ce wani ɗa ya fi wani, a kuma ce wasan bai zama zalunci ba. Dole a matse tazarar. Kuma littattafan kansu ba su tsaya a kan ma'auni ɗaya ba. Superman na 1938 tsalle yake yi, bai iya tashi ba. Hulk a fitowar farko launin toka ne, matsalar ɗab'i ta sa aka mayar da shi kore a ta biyu. Batman ya ratsa hannun marubuta da yawa tun 1939, wani ya mai da shi ɗan sanda mai bincike, wani ya mai da shi wanda ke karawa da halittun sama. Wanda ya ce mutum-mutumin bai yi daidai da littafi ba, sai a tambaye shi wane littafi, na wace shekara. HeroClix ya gane haka tun farko, shi ya sa a shekarunsa na farko ya riƙa fitar da jarumi ɗaya a matakai uku, sabon shiga da gogagge da tsohon hannu, daga 2007 kuma ya fara haɗa kowane mutum-mutumi da kati mai ɗauke da baiwar da aka rubuta dominsa shi kaɗai.

Inda nake ganin an gaza da gaske shi ne wurin da ba a cika kuka a kansa ba. Ɗauki Spider-Man. Wasannin sun ba shi hawan bango, da jan abokin gaba da yana, da kauce wa bugu. Duk suna nan. Amma Peter Parker, wato Spider-Man a ainihin sunansa, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙira a 1962, ba waɗannan ne suka sa mutane suka riƙe shi shekara sittin ba. Yaro ne da ya bar ɓarawo ya wuce ta gabansa don yana ganin ba ruwansa, ɓarawon nan ya je ya kashe mutumin da ya rene shi. Duk abin da ya yi bayan nan daga wannan nadama ya fito. Shafukan da masoyansa suka fi ambato suna cikin fitowa ta 33 ta mujallarsa, a 1966: ƙarafa masu nauyin gaske sun danne shi, ruwa yana zubowa, maganin da zai ceci tsohuwar da ta riƙe shi yana gabansa kaɗan amma hannunsa bai kai ba. Ditko ya ɗauki shafuka yana nuna shi yana yunƙuri, zanen yana ƙara girma har ya ɗaga. Babu abokin gaba a wurin, babu naushi. A kan teburi kuwa, Spider-Man zai iya tsallake komai ya bi maki, kuma babu dokar da za ta sa mai riƙe da shi ya ji nauyin wani.

Storm, jarumar da ke sarrafa yanayi, ta fi ba ni takaici, wataƙila don tana cikin 'yan ƙalilan da tushensu ke nahiyar Afirka. Tun bayyanarta a 1975 daga Len Wein da Dave Cockrum, an gina ta a kan tarihi mai nauyi: uwarta 'yar sarautar Kenya, ta yi ƙuruciya a Alƙahira, gini ya rufto ya kashe iyayenta ita kuma ta maƙale a ƙarƙashin ɓaraguzai. Daga nan ta samu tsoron matsattsen wuri da ya bi ta har girma, kuma abokan gaba sun sha amfani da shi a kanta. A 1986, lokacin da ba ta da baiwarta ko kaɗan, ta kara da abokin aikinta Cyclops a kan shugabancin tawagar jarumai ta X-Men ta kuma yi nasara. Crisis Protocol ya kyauta da ya ba ta jagorancin tawaga. Amma katinta walƙiya ce da iska da ƙanƙara. Tsoron nan, wanda shi ne ya sa jarumtarta ta zama jarumta, babu shi. Dalilin kuwa a fili yake: kamfani yana sayar da abin da mutum zai ji daɗin sa a tawagarsa, kuma rauni ba ya sayar da kaya. Shi ya sa ake kwashe baiwa a bar rauni, ana kwashe ƙarfi a bar kamun kai.

Wannan kamun kai shi ne rabin labarin jarumai. Batman ba ya kisa. Superman kullum yana rage hannu don kada ya ruguza abin da ya zo karewa. A Crisis Protocol ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi daɗi shi ne ɗaukar mota ko rumfar jarida a jefi wani da ita, kuma ba a tambayar jarumi ko akwai mutum a ciki. Dokar wasan ma ta yarda a sa Captain America da mugun nan Red Skull a tawaga ɗaya, mutanen da gabarsu ta faro tun 1941. Na san hujjar: wanda ya sayi kayansa yana da 'yancin haɗa su yadda ya so, kuma hana shi zai rage masu saye. Hujjar kasuwa ce mai ƙarfi, amma a daina kiranta biyayya ga littafi.

Za a iya cewa abin da nake nema ba zai yiwu ba, wasa wasa ne, ba a sa lamiri a dayis. Amsar tana cikin wani wasa da masu ƙwaƙƙwafin kamanni suka fi rainawa, Marvel United, na Eric Lang da Andrea Chiarvesio, wanda CMON da Spin Master suka fitar a 2020. 'Yan mutum-mutuminsa masu ƙaton kai ne da guntun jiki, ba su yi kama da zanen Kirby ko Ditko ba ko kusa. Sai dai duk masu wasan ɓangare ɗaya suke, suna yaƙar mugu ɗaya da wasan ke tafiyar da shi. Akwai ayyuka uku a gabansu: ceto mutanen gari, kakkaɓe 'yan daba, da kawar da barazanar da mugun ya dasa a unguwanni. Ba su da ikon taɓa mugun sai sun kammala biyu daga ciki. Kuma kowane jarumi idan ya ajiye katinsa yana amfani har da abin da ke kan katin wanda ya gabace shi, don haka kafin ka zaɓi kati sai ka duba abin da na bayanka yake bukata. A wannan teburin za ka ga mai riƙe da Hulk ya bar faɗa ya je ya kwashe mutane daga unguwar da ta cika, domin in bai yi ba kowa zai faɗi.

Wannan ya nuna cewa ana iya rubuta damuwa da wasu a cikin doka kamar yadda aka rubuta fushin Hulk. Wasannin karawa tsakanin mutum biyu ma za su iya: a rage wa jarumi maki idan ya jefa gini kusa da mutanen gari, a bar mugu ya yi hakan kyauta, a kuma rama wa jarumin da rahusa a farashinsa. A ba Storm ƙarfin da ya dace da ita, a sa mata tarnaƙi idan aka kewaye ta ko aka tura ta lungu. A sa Spider-Man ya yi asara idan ya bar wani a cikin haɗari ya bi maki. Masu gasa za su ce hakan zai wahalar da daidaita wasan, kuma gaskiya ne zai wahalar. Amma mutanen da suka iya sa faifan roba ya yi fushi tun 2002 ba ƙwarewa suka rasa ba, kamfanoninsu ne ba su riga sun yarda cewa mai saye zai biya kuɗi a kan jarumi mai rauni ba.